Bangon da Ke Gumi a Ɗakin Takardun Filaye

Shekara uku na yi a wani kwamiti na mutum uku, wanda aka ɗora wa sa ido a kan wata hukumar gwamnati mai ajiyar takardun filaye da gidaje a Khartoum. Ni lauya ce, ɗayan injiniya, shugabanmu kuma tsohon alƙali mai tafiya da sanda. Ba ma cikin ma'aikatan hukumar. Sau huɗu a shekara muke zuwa, mu duba inda haɗari ke kwance, mu rubuta wa majalisar da ke saman mudir, wato shugaban wurin. Mahaifiyata har ta rasu ba ta gane aikin ba.

"To ke 'yar nan, in ba su suka ɗauke ki ba, me ya kai ki gidansu?"

"Inna, dubawa muke yi."

"Allah ya sa suna son a duba su."

Daga unguwarmu ta Umbadda, a ƙetaren kogi, nake tasowa da sassafe. A kan gada motar takan rage gudu, in jingina kaina da gilashi ina kallon inda kogunan garin biyu ke haɗuwa, ɗaya fari-fari, ɗaya mai duhu, suna tafiya gefe da gefe kamar ba su san juna ba. Har yau in na tuna zaman kwamitin, da wannan ruwan yake fara zuwa mini, sannan fankar ɗakin taro mai juyawa a kasalance, da ƙamshin shayi mai kirfa.

Mudir mutumin kirki ne, tare muka yi jami'a. Kullum da murmushi yake miƙo mana jerin haɗurran da ma'aikatansa suka tsara: gobara, ɓarayi, ɗaukewar wuta. Wata rana alƙali ya ajiye takardar ya ce yana so ya ga ɗakin ajiya da idonsa.

Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma ginin bai da nisa da kogi. Wata dattijuwa mai riƙe da makullai ta sauka da mu. Kantoci ne jere har rufi, takardu ɗaure da zare, wasu sun yi launin ƙasa. Shiru wurin, da sanyi, kamar an shiga cikin randa. Na riƙa jin duk gidajen garin suna nan a ninke, da sunayen kakannin da suka fara kafa su.

Muna cikin zagayawa da Larabci, dattijuwar ta dubi fuskata ta daɗe, sannan ta matso ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa:

"'Yata, ɗora hannunki a bangon nan."

Na ɗora. Damshi ne, har tafina ya jiƙe.

"Baba, tun yaushe?"

"Duk damina yana ƙara hawa. Na faɗa, na sake faɗa. Sai a ce in sha Allah."

Da muka koma sama mudir bai musa ba. Cewa ya yi ya sani, zai gyara baɗi. Bayan taro ya tare ni a baranda.

"Ya ustaza, ku rubuta shi a matsayin ƙaramin abu. In kuka ce babba ne, za a ce na yi sakaci."

Na ji nauyinsa ƙwarai. Na ce masa ba ni da ikon rage abin da hannuna ya taɓa, kuma duk abin da muka rubuta shi zai fara karantawa, ya sa amsarsa a ƙasa. Haka aka yi. Injiniya ya auna bangon, alƙali ya sa hannu, rahoton ya tafi sama. Ba mu ambaci dattijuwar ba.

Wata biyar ba mu ji komai ba. Mudir ya daina zama shan shayi da mu, gaisuwarsa ta koma gajeriya, ni kuma nakan kai gida da abin a raina. Sai umarni ya sauko a kwashe takardun zuwa hawa na biyu. Daga unguwar Alshajara aka ƙero sababbin kantoci na ƙarfe, leburori suka yi mako uku suna hawa da sauka da ɗaurin takardu a ka.

Ruwan bai shiga ɗakin ƙasan ba a wannan daminar, har wasu ma'aikata suka riƙa yi mana dariya a bayan ido. Wa'adina ya ƙare kafin ta gaba, kuma ni da mudir ba mu koma kamar da ba.

Ranar zuwana na ƙarshe na hau sama. An buɗe tagogi, iska na ɗaga gefen takardun a hankali, rana ta kwanta a kan kantocin. Dattijuwar na zaune a kujera tana murza gwiwa.

"Kun kyauta," in ji ta. "Sai dai kun haɗa ni da matakala talatin, ga tsufa."

Muka yi dariya, ta matsa mini gefe na zauna har aka kira azahar.