Atamfar da Aka Tuɓe wa Saratu

Safiyar Kirsimetin 1976, ranar wata Asabar, ina tsugune a bakin famfon gidanmu a Badarawa ina wanke tukunyar koko, sai ga Saratu ta fito daga ɗakinsu cikin sabon ɗinki, tana tafe tana juyi don kowa ya gani, ƙanwarta Rahila na biye da ita cikin irinsa. Atamfa ce ruwan goro mai zanen tsuntsaye. Na saki soso na miƙe, domin na san ta sarai. Ta Innarmu ce, wadda ke kwance a ƙasan akwati, wadda na yi kwana uku ina kuka a ɗinka mini da Babbar Sallah aka hana ni.

Gidan haya ne mai ɗakuna tara, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da kullum ake rigima a kanta. Mai gidan yana Zariya, ya bar wa Baba kula da shi, don haka abin da Baba ya faɗa shi ke nan. Akawu ne a ma'aikatar gwamnati, mutum ne da ko ashana ba ta fita ɗakinsa ba da saninsa ba. Maman Saratu kuwa daga kudancin Zariya suka zo, mijinta direban tifa ne, ya rasu a hatsari wajen Rigachikun, ya bar ta da kaskon ƙosai da yara biyu. Ni da Saratu ajinmu ɗaya. Tare muke kai niƙa, tare muke tsince tsakuwa a shinkafa, mu yi 'yar carafke a zaure har a biyo mu da tsintsiya, kuma kullum ita ke cinye ni. Da Sallah mu kai musu tuwo da nama, da Kirsimeti su kawo mana shinkafa dafa-duka, ko da rabin kwano ce.

Ban yi wata-wata ba na buɗe baki na ce atamfar Innarmu ce, an sace. Shekarata tara, kishi ne kawai ke cina. Mata suka firfito, Baba ya fito da asuwaki a baki. Maman Saratu ta yi bayani cewa kwana goma da suka wuce ta dawo daga kasuwa da rana ta tarar da atamfar a cikin kwandon ƙosanta da ta bari a ƙofar ɗaki, an rufe da faifai, tare da shinkafa mudu biyu da kwalbar man gyaɗa. Ta zaci matan cocinsu ne suka tuna da marayu, har ta tashi ranar Lahadi ta yi godiya a gaban jama'a. Wata maƙwabciyarmu ta yi dariya ta ce ita ma za ta fara ajiye kwando a ƙofa. Aka buɗe akwatin Inna, babu atamfa. Baba ya duba buhun shinkafa, ya ga ya ragu. Ya juya wajen Inna da ke tsaye a bakin ƙofa, ya tambaye ta ko ita ta bayar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban ba kowa ba."

Baba ya ce a tuɓe kayan. Ana jin ƙararrawar coci daga nesa lokacin da Maman Saratu ta ja yaranta ɗaki, ta fito da rigunan a ninke ta ajiye a ƙofarmu. "Malam, talauci gare ni, amma ban taɓa ɗaukar abin wani ba," in ji ta. Saratu da Rahila suka tafi coci cikin kayan makaranta. Ranar nan, shinkafar Kirsimeti ba ta shigo ɗakinmu ba. Daga nan unguwa ta ɗauka, masu sayen ƙosai suka koma wani layi, in Maman Saratu ta wuce, mata su jawo takalmansu ciki. Kafin a koma makaranta su Saratu suka loda tabarmi da kasko a kura, suka haye kogi wajen wasu danginsu a Kakuri. Rigar Saratu kuwa ni aka ba, ta yi mini daidai, na sa ta ina taƙama har ta yage. Wannan ne ya fi yi mini ciwo in na tuna.

Sai da na yi aure na zo wankan jego na ɗana na fari, Baba ya riga ya rasu, Inna tana gasa mini jiki ta ce, ba tare da na tambaye ta ba, "Ni na sa a kwandon. Na ga yaran ba su da abin sawa. Tsoron babanku na ji." Ta so ta yi sadakar da Allah kaɗai ya sani, sai ga shi a ranar da ake neman mutum ɗaya ya sani ta kasa buɗe baki. Na ji haushinta ƙwarai, na daɗe ina ji, ko da yake bakina ne ya fara jawo abin.

Yanzu gidan nan babu Kirista ko ɗaya, kowa ya koma gefen kogin da ya fi jin kwanciyar hankali, kwanon shinkafa ba ya ƙetare gada. Masu rabon kaya na zamani sai an ɗauke su hoto da waya kafin su miƙa, ana ta zaginsu, ni kam ba na iya sa baki. Na tambaya a Kakuri, na tambaya a Barnawa, ban samu wanda ya san inda su Saratu suke ba. Wataƙila tana can ta yi jikoki, tana ba su labarin maƙwabtan da suka tuɓe ta ranar Kirsimeti suka kira uwarta ɓarauniya. Kuma ba ƙarya take yi mana ba.