Dutsen da Ya Faɗo daga Katanga

Kaka ta zo ƙarshe, ganyen inabi ya yi ja. Ottavia tana tsinkar ragowar 'ya'yan a gonarta da ke maƙale jikin tsauni, teku na shimfiɗe can ƙasa, sai ga ayarin 'yan yawon buɗe ido suna hawowa, kowa da kofin giyar inabi a hannu.

A ƙarshen ayarin akwai wani tsoho. Rigar kwat ce a jikinsa, mai tsada, takalmansa ma ba na hawan dutse ba ne. Amma kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka. Ottavia ta san wannan kafaɗa, irin ta marigayi babanta ce. Ɗaukar kwandon inabi ce ke yi wa mutum haka tun yana yaro.

Wani dutse ya faɗo daga katangar da ke riƙe da ƙasar gona, kowa yana tsallake shi. Tsohon kuwa ya ajiye kofinsa, ya durƙusa, ya jujjuya dutsen har ya gano yadda zai zauna, ya mayar da shi gurbinsa, ya tokare da 'yar tsakuwa. Baƙo bai san wannan ba.

"Baba, za ka ɓata kwat!" in ji Ottavia. "Kai ɗan wane gida ne?"

"'Yata, gonar su Bacigalupo tana nan a samanku?" in ji shi.

Shekara talatin ke nan ƙaya ta cinye ta.

"Tana nan," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya kakkaɓe gwiwa, ya bi ayari. Bai yarda ya dubi sama ba.