Allin Babana da Motar da Ba Ta da Jiki

Ranar wata Asabar ce, mako biyu bayan alhazai sun watse, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, aka shigo da ita lungunmu na unguwar Hindawiyya a Makka. Mota ce amma ba ta da jiki. Dogon ƙarfen gindi ne kawai, wanda muke kira shasi, da inji da tayoyi huɗu da sitiyari, sai akwatin katako da aka ɗaure a matsayin kujera. Direban na zaune a kai, ya naɗe fuska da rawani. Muka yar da motocinmu na gwangwani da waya muka bi ta da gudu, har ta tsaya a ƙofar warshar babana, wato rumfar da yake gyaran motoci.

Wani ɗan kasuwar Jidda ne ya kawo ta don gwaji. Wata da watanni ana ɗora mata buhunan yashi ana zaga duwatsu da ita, a ga ko za ta jure zafin ƙasar nan. Da ta jure, sai wani attajirin Makka ya ce yana so, zai sa a gina mata jiki da kujerun fata. Aka ba Baba aikin shirya ta, domin an san shi, Mu'allim Haruna, ba ya rufe aibi da fenti. Wannan sunan shi ne duk abin da ya mallaka.

Yana da yadda yake aiki. Sai mun wanke ƙarfe da kananzir, sannan ya kwanta a ƙarƙashi yana bin sa da yatsa, duk inda ya ji tsaga ya zagaye da farin alli. Ba mai goge zagayen sai wanda ya gyara wurin. Idan babu alli, an gama ke nan, a shafa fenti. Yakan ce, “Ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai mai fenti.”

Kwanakin nan sun fi kowane lokaci daɗi a rayuwata. Daga makarantar allo sai warsha. In yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta hau fenti, in karɓo shayi mai na'ana'a daga hannun Inna, in zauna a kan akwatin nan ina juya sitiyari, ƙannena na yi kamar suna tura ta a baya. Baba ya yi mini alkawarin ranar da za a miƙa motar zan hau har ƙofar gidan attajirin.

Zagaye biyar ya yi. Mai walda ya gyara huɗu, zazzaɓi ya kwantar da shi, saura ɗaya can ƙasa kusa da tayar baya. Na ji Baba yana cewa idan bai warke ba sai a ɗaga ranar. Ni kuwa na riga na gaya wa duk yaran lungu ranar Alhamis za su gan ni a mota. Da Baba ya tafi sallar La'asar, na shiga ƙarƙashi, na dubi tsagar, siririya kamar gashi. Na sa gefen rigata na goge allin, na shafa baƙin fenti. Da ya dawo ya leƙa bai ga fari ba, ya ce ashe bawan Allah ya gama kafin ya kwanta.

Na hau motar ranar Alhamis, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Bayan wata uku, an gina mata jiki, ƙarfen ya karye a hanyar Ɗa'ifa, attajirin da iyalinsa a ciki. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Amma ya zo har warsha, a gaban mutane ya ce ashe Mu'allim Haruna ma yana rufe aibi. Baba bai ambaci mai walda ba, bai dube ni ba. Ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya bi da yatsa. Daga ranar manyan motoci suka daina zuwa, muka koma gyaran tsofaffin motocin haya har ƙarshen rayuwarsa.

Sau da yawa na buɗe baki in faɗa, sai in fasa. Ranar da zan fara aiki da kaina, ina ɗan shekara ashirin, ya ciro guntun alli daga aljihu ya sa mini a tafi, ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce, “Ya waladi, ɗana, wannan karon ka bar shi sai an gyara.” Na sa allin a aljihu. Na ɗauka akwai sauran lokacin da zan faɗa masa gaskiya.

Yanzu ina zaune a unguwar Shisha, a hawa na uku. Jikokina na kai motocinsu inda na'ura ke gano ciwon mota, Hausata ma da Larabci suke amsa ta. Na je neman inda warshar take, ban gane wurin ba. Guntun allin yana nan cikin akwatina, ya yi rawaya. Da zan samu La'asar ɗin nan ta dawo, ba motar zan nema ba. Zan zauna ne a bakin ƙofa in jira Baba ya dawo daga masallaci.