Nono Zai Zo

Yayata ta tsufa ne a wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen barandar sashen haihuwa, inda a da ake jibge karyayyun kujeru. Ungozoma ce, amma ta daɗe da daina karɓar haihuwa. Gwiwoyinta ne suka gaji da tsayuwa, sai aka ba ta aikin zaune, wai don ta huta. Ga hutun: duk macen da nononta ya ƙi zuwa, ko ya kumbura, ko kansa ya tsage, ko jaririnta ya ƙi kamawa, wurinta ake turo ta. Abokan aiki suna kiranta Sannu-Sannu, domin abin da ke bakinta ke nan daga safe har a tashi.

Gida ɗaya muke da ita tun da mijinta ya rasu, don haka ni nake ganin yadda take dawowa. Ta yar da takalmi a bakin ƙofa, ta tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi, rigarta tana ƙarnin nonon da ba nata ba. Nakan tsokane ta da cewa ta shayar da rabin gari ba tare da ta ɗaga riga ba. Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci barci ya riga dariyar zuwa.

Ba ita kaɗai ke aikin ba. Akwai likitan yara, da nas mai awon jarirai, da wata mai ba da shawara kan abinci. A da kowa da abin da yake gaya wa mai jego. Wannan ya ce ba shi duk sanda ya nema, wancan ya ce a'a, jira tukuna, mace ta fita kanta a ɗaure. Yaya ce ta yi ta naci har suka yarda su riƙa haɗuwa kafin a fara ganin mata, a tsaitsaye, kowa da kofin shayinsa. Nan suka haɗa baki: kada a yi saurin kai jariri ga madarar gwangwani. A gyara wa uwa zama, a gyara wa yaro kamu, a koya mata matsa, a kwantar mata da hankali, nono zai zo. Kuma gaskiya yakan zo. Na sha ganin mata sun tare ta a hanya suna nuna mata yara ɓul-ɓul, ita kuwa ko fuskokinsu ba ta tuna ba.

Sai ga wata yarinya mai ɗinki, haihuwar fari. Ba ta da gardama ko kaɗan, abin da ya cuce ta ke nan. Aka ce ta ba yaron nono, ta yi ta ba shi har kan nonon ya yi jini. Aka ce ta matsa, ta matsa, abin da ke fita bai cika cokali ba. Duk ranar da aka ce ta dawo, ita ce farkon layi, idanunta jajir, yaron kuwa sai ƙara ramewa yake yi.

Mai awo ta ga sikeli yana ja da baya, ta ce a ranta ai likita ya sani. Likita ya ga yaron ba kuzari, ya ce a ransa ai Sannu-Sannu tana kai, ita ce gwanar abin. Mai abinci ta ƙara wa uwar abin ci da abin sha. Kowa ya ga nasa, kowa kuma ya ce mata nono zai zo, don ba wanda yake so ya fara karya maganar da suka sha wuya kafin su haɗa. Wannan ne ke ci mini rai har yau. Babu mugu a cikinsu, babu malalaci.

Yaya ta ce shirun yaron ne ya farkar da ita. Ranar an shigo da shi ko kuka ba ya yi. Ta taɓa maɗigarsa ta ji ta faɗa, ta buɗe ƙunzugunsa ta tarar da shi a bushe. Ta miƙe da gwiwoyin nan nata, ta bi baranda ta tattaro su ukun, ta ce yau kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ba abin da aka tsayar ba. Da aka haɗa, ba a yi musu ba. Likita ya duba yaron, ya duba uwar da kyau, ya ce akwai jikin da ba ya kawo nono isasshe ko me aka yi. Ba su da yawa, amma akwai su. Daga nan duk suka zuba wa Yaya ido.

Ita ta wanke hannu ta dama madarar, ita da ta yi shekara da shekaru tana ja wa mata kunne a kanta. Ta zuba a wani ɗan kofi ta kawo. Mai ɗinki ta dubi ɗan kofin, ta dubi Yaya.

"Mama, me na yi ba daidai ba?"

"Ba ki yi komai ba, 'yata. Mu ne muka makara. Kullum ki fara sa shi a nono, ɗan abin da ke ciki nasa ne. In ya gama, sai kofi."

Ta nuna mata yadda za ta ɗaga kansa, ta kafa bakin kofin a leɓensa, kada ta zuba, ta bar shi ya lasa da kansa. Yaron ya lasa, ya tsaya, ya sake lasa, har ya shanye. Can sai hannayensa da kullum suke a dunƙule suka buɗe, wuyansa ya langaɓe a kan hannun uwar. Ta firgita ta fara jijjiga shi. Yaya ta riƙe mata hannu, ta ce ta bar shi, barci ne.

Yarinyar ta daɗe tana kallonsa, tana bin numfashinsa da ido.

"Ashe haka yake barci in ya ƙoshi," in ji ta. "Ni ban taɓa gani ba."