Buhun Dawar da Ban Aika Ba

Malam Vandi ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina buɗe shago a Lokuwa. Dattijon cocinmu ne ya kira. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Zira, ka zo da tef ɗinka na awo. Malam ya tafi da asuba, kai za ka yi akwati."

Haka kawai. Mutumin da ya tsufa yana koyar da mu a makarantar Lahadi, sanarwar mutuwarsa ita ce in zo da tef.

Zan faɗi abin da na fara ji, ko da za ku zage ni a kwamen. Ba kuka ba ne. Sauƙi na ji. Wani abu a ƙirjina ya ce shi ke nan, wanda ya sani ya mutu. Na tsaya da kwaɗon shago a hannu ina ƙyamar kaina.

Ku yi haƙuri, rubutun nan zai yi tsawo, kuma ba irin wanda kuka saba gani ba ne in an yi rasuwa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam maƙwabcinmu ne tun ina yaro, abokin babanmu. Shi ya koya mini karatu. Da na gama koyon kafinta babu mai ba ni aiki, shi ya tsaya gaban dattawa ya ce a ba ni aikin bencin coci. Biyu daga ciki sun karkace. Ya ɗauki ɗaya ya mai da shi wurin zamansa, don kada wani ya zauna ya yi magana. Har yau bencin yana nan yana rawa.

Lokacin gudu, da mutanen nan suka shiga Mubi, mu uku muka fita tare: ni, Baba, da Malam. Matata da matar Malam sun riga sun fita tare da sauran mata. Yayana Tizhe, ɗan farin gidanmu, yana kasuwa abin ya same shi, ya kwashi matarsa da yara suka bi hanyar Yola. Mu kuma muka nufi wajen Maiha da ƙafa.

Kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Wasu katifa, wasu takardun makaranta. Baba ya miƙa hannu saman murhu ya sauko da damin irin dawa.

A gidanmu ba a shuka iri duka. Baba yakan zaɓi zangarniya mafi kyau, ya ɗaure, ya rataye inda hayaƙi zai kare ta daga ƙwari. Jar dawa ce, tun ta kakanmu, duk dangi sun san ta da ido. Kuma a wurinmu, ɗan da uba ya danƙa wa damin nan da hannunsa, shi ke da gonar bakin mayo, wato bakin kogi. Babu takarda, babu lauya. An gan ka da iri, magana ta ƙare.

Rana ta biyu ƙafafun Baba suka ƙi. Na goya shi har bayana ya mutu. Da tsakar rana muka kwantar da shi ƙarƙashin wata tsamiya, ya kira ni, ya sa mini damin a hannu. Ya ce, "Ka kai wa Tizhe. Gona nasa ne. Ka ce ya riƙe ka da kyau."

Malam yana durƙushe a gefe yana yi masa fifita da hula. Ya ji komai.

Baba bai kai la'asar ba.

Wani manomi Musulmi da ba mu taɓa gani ba ya ara mana fartanya, ya kuma taya mu haƙa. Matarsa ta kawo dafaffiyar gyaɗa da kunu a ƙwarya, ga su su ma suna ɗaure kayan gudu. Malam ya ɗauko dutse ya kafa a kan kabarin, ya yi addu'a gajeriya. Silifas ɗina ya tsinke tun safe, sai ya cire nasa ya ba ni, ya ce ƙafarsa ta saba da duwatsun Michika. Haka tsohon nan ya taka har Maiha babu takalmi.

Wannan mutumin na yi murnar mutuwarsa yau da safe.

Da gari ya lafa, ni na riga Tizhe dawowa. Shagona an ƙone, zarto da guduma duk an kwashe, matata da ciki. Baffanninmu suka zo gaisuwar Baba, suka ga damin a rataye a ɗakina. Babbansu ya ce, "Ashe kai ya ba." Na sunkuyar da kai, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba tunda ban buɗe baki ba.

Malam yana zaune a wurin. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

Da Tizhe ya dawo aka gaya masa, ya ce, "Tunda Baba ya ga haka ya fi, ba komai." Abin da ya fi cin sa ba gonar ba ce. Yana ganin Baba ya mutu yana fushi da shi don ba ya nan. Ya kama ɗaki ɗaya a unguwar Nassarawo, shi da mata da yara biyar, yana ƙwadago a gonakin mutane. Shekara uku ke nan ina noma gonarsa.

Ina da dalilaina, kuma na haddace su tsaf. Ni na goyi Baba. Ni na haƙa kabari. Ni ma ina da yara, in na saki gonar me za su ci?

Malam bai tona ni ba. Abin da ya yi ya fi tonon ciwo. Ya shiga koyar da labarin Yakubu a ajin manya, kuma ya ƙi fita daga ciki. Lahadi ta zo, Yakubu. Wata ta zagayo, Yakubu. Har wata rana wata mama daga zumuntar mata ta ce, "Malam, wai babu wani mutumin Allah ne sai Yakubun nan? Mun gaji da shi da tumakinsa." Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ci gaba da Yakubunsa.

Ina iya jin muryarsa yanzu. "Ya cuci ɗan'uwansa, ya ruɗi tsoho wanda ba ya gani. To me ya samu? Ya fita gida da sanda kawai. Ko akuya ɗaya na babansa bai tafi da shi ba. Duk abin da ya dawo da shi, Allah ne ya ba shi a hanya. Abin da ya sata bai ci ba."

Wata rana kuma ya ce, "Allah bai rabu da Yakubu ba, amma bai bar shi da halinsa ba. Ya kama shi sai da ya ɗingisa. Kuma duk addu'ar da ya yi, sai da ya je ya tsaya gaban Isuwa. Ya tura dabbobi gaba don zuciyar yayansa ya yi sanyi, amma dabbobi ba su roƙi gafara ba. Shi da ƙafarsa ya je."

Bai taɓa kallon inda nake ba in yana wannan magana. Ni kuwa kamar an zuba mini barkono a riga. Na daina zuwa ajin, na ce aiki ya yi yawa.

Sai ya koma zuwa shago. Ya zauna kan guntun katako yana ɓare gyaɗa, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, ya tashi. Wani lokaci har ya tafi bai taɓo maganar gonar ba. Wallahi akwai ranar da na hango shi tafe na zagaya bayan shago na ɓuya, ni da gemuna.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati biyu ke nan, bayan an gama yankan dawa. Ya shigo yana haki, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce, "Zira, mu je Nassarawo, ni da kai. Ni zan shiga gaba."

Na ce, "Sai bayan Kirsimeti, Malam. Ka ga aikin kujeru."

Ya ce, "Bara ma haka ka ce."

Raina ya ɓaci. Na ce, "In na ba shi gonar, kai za ka ciyar mini da yara?"

Ya ce, "A hanyar Maiha wa ya ciyar da kai? Gona ne? Ka dawo ba ka da ko ƙusa, yanzu ga shago cike da katako. Wannan ma sata ka yi?"

Na ajiye guduma na ce masa, "Malam, in tonawa za ka yi, ka tona. Na gaji da Yakubu."

Ga tsohon da ya ba ni takalminsa na faɗi haka. Bai yi fushi ba. Ya tattara ɓawon gyaɗarsa a hannu don kada ya ɓata mini shago. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Tonawa ba aikina ba ne. Ni dai na tura kaya gaba. Saura kai."

Na ɗauka maganar tsufa ce, ban ko raka shi ba.

Yau na je da tef ɗin. Da aka yaye zanen na ga abin da ya rage na Malam, ƙashi da fata. Na leƙa ɗakin ajiyarsu, dawar da ke ciki ba za ta kai Mama, matarsa, damina ba. Na fito ina tafasa. Na ce wa dattijon, ina cocin take mutumin nan yana ramewa haka? Mun iya ɗinka anko, mun iya sayen sabuwar fiyano, amma malaminmu yana cin tuwo sau ɗaya a rana. Gobe kuma za a tashi a yi masa dogon jawabi. Na faɗi maganganu da yawa, kuma har yanzu ban janye su ba.

Daga can ban koma shago ba. Na je gida na sauko da damin iri na bana, na sa a buhu, na tari keke zuwa Nassarawo. Ban san me zan ce ba. Na dai san in na fara yanka katakon Malam ban je ba, ba zan taɓa zuwa ba.

Na sami Yaya Tizhe a ƙofar ɗaki yana gyara ƙotar fartanya. Ya riga ya ji rasuwar. Muka yi wa juna gaisuwa, sai ya ce, "Yanzu wa zai riƙa kawo mini saƙonka? Na bana ya iso, na gode. Ban samu na zo ba ne."

Na ce, "Wane saƙo, Yaya?"

Ya ce, "Buhun dawa mana. Kowace kaka Malam yana kawowa a keke, ya ce Zira ya ce a gaishe ka. In ba don shi ba, bara da yaran nan sun sha wuya. Ni fa shi ya sa ban riƙe ka a zuciya ba."

Jama'a, ko ƙwaya ɗaya ban taɓa aika wa yayana ba.

Gonar Malam ɗan fili ne, in shekara ta yi kyau buhu uku. Kaka uku yana cire ɗaya yana kaiwa da sunana. Ramar da na auna da tef yau da safe, wadda nake zagin coci a kanta, a rumbuna take.

Na durƙusa a ƙasa na gaya masa komai. Tsamiyar, damin, abin da Baba ya ce kalma da kalma. Na ce, "Baba bai yi fushi da kai ba. Sunanka ne na ƙarshe a bakinsa."

A labarin da Malam ke koya mana, Isuwa ya rugo ya rungumi ƙanensa. Tizhe bai rungume ni ba. Ya daɗe yana kallon damin, hawaye na sauka, bai share ba. Ya ce, "Shekara uku ina tambayar Allah me na yi wa Baba." Na miƙa masa irin, ya ƙi karɓa daga hannuna. Ya ce, "Ajiye a can. Je ka yi akwatin. Sai an binne Malam."

Ban san me zai ce bayan jana'iza ba, kuma duk abin da ya ce daidai ne.

Don haka nake rubutawa a nan, inda baffanninmu da 'ya'yansu za su gani, tunda mai shaida ya tafi. Gonar bakin mayo ta Tizhe ce. Baba shi ya ba. Ni saƙo aka ba ni na cinye. Dawar da na yanka bana gobe za ta fita daga gidana, buhu uku zuwa wurin Mama matar Malam, sauran zuwa Nassarawo. Abin da yarana za su ci, zan ga ko abin da Malam ya koya mana gaskiya ne.

Malam, ina jin haushinka. Sati biyu kacal. Ka ce za ka shiga gaba, ka shiga, ka bar ni na je ni kaɗai. Ina jin haushin kaina fiye da haka, don da na tashi ranar da mun je tare, ka gani da idonka.

Katakon yana nan jingine a shago. Mafi kyau na zaɓa, kuma wannan karon ba zai karkace ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Vandi, ka ba shi hutun da mu ba mu ba shi ba. Ka riƙe Mama. Ka warkar da zuciyar Tizhe ko da ba zai sake kirana ƙane ba. Ni kuma ka kama ni yadda ka kama Yakubu, kada ka sake ni da halin nan.

Duk wanda ya karanta har nan, kada ka rubuto mini cewa na yi ƙoƙari, ban yi ba. Ka yi wa Mama addu'a, ka yi wa yayana. In akwai saura, ka sa ni a ciki. Amin.