Ranar da Na Tare Taubashin Baba a Zaure

Ko da tsufa zai ci ƙwaƙwalwata yadda cuta ta ci ta mahaifina, ina jin ranar da na tare taubashinsa a zaure ita ce za ta fita daga ƙarshe.

Ni mutum ne mai son tsari. Aikina kula da rumbunan albasa a Illela, kuma a gidana ko takalmi yana da wurin kwanansa. Karatuna bai yi nisa ba, amma a lokacin ina ganin abin da na sani ya ishi unguwa guda.

Baba ya fara da mantuwa, daga baya magana ta riƙa kuɓuce masa. Na kai shi asibiti a Sakkwato, na nace sai an yi mini bayani daga tushe. Likitan ya ce ƙwaƙwalwa ƙananan ƙwayoyi ce. Idan ƙwaya ta shiga matsi, sai ta tattara kayan aikinta ta dunƙule su wuri guda, kamar 'yan kasuwa idan hadari ya taso. Hadari na wucewa a sake baza kaya. A wasu cututtukan, ana zaton dunƙulen ne ke ƙin warwarewa, ya daskare, har ƙwayar ta mutu. Ya ce masana suna kan bincike, amma wannan ƙarshen bai shiga kunnena ba, don na riga na yanke hukunci: hayaniya matsi ce, saboda haka an soke hayaniya.

Da farko na ɗauke rediyo. Sannan na hana jikoki shiga ɗakinsa. Daga nan na tashi majalisar ƙofar gida, tsofaffin da suka girme ni suka naɗe tabarmi suna kallona. Gida ya yi tsit, ni kuwa ina ta jin kaina kamar ƙaramin likita. Baba ya juya fuska ga bango, ya daina cin abinci. Na ce cutar ce ke gaba, na ƙara tsananta doka.

Ranar kasuwa sai ga taubashin Baba daga Kalmalo, wani tsohon masunci da ba ya iya magana a hankali. Na sha gabansa a zaure.

"Baffa, likita ya hana hayaniya."

"Likita ya hana mi?"

Na gyara tsayuwa na soma karanto masa ƙwayoyi da dunƙule, daki-daki. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai, ɗan nan, ran sunanka ni na fiɗe ragon. Kauce in ga bawana." Ya ture ni da sanda kamar akuya ya wuce.

Na bi shi ina jiran musiba. Ya tsaya kan Baba ya ce, "Bawana, ashe nan ka laɓe kamar tarwaɗa cikin taɓo? Wa za ya ɗaukar min komar kamun kifi?" Baba bai motsa ba. Tsohon ya jawo ƙwaryar furar da aka ajiye tun safe, ya zauna ya soma sha da ƙara, yana yabon nonon.

Sai Baba ya juyo. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wa ya bar ɓarawon kifi ya shigo?" Ya miƙa hannu ya kama bakin ƙwaryar. Suka yi ta ja, fura na zuba kan shimfiɗar da na gyara, har tsohon ya sakar masa. Baba ya shanye tas, don kawai kada ya rage masa.

Matata ta leƙo ta ce a hankali, "Malam, a maido rediyo, ko sai an nemi izinin ƙwayoyin?"

Da na koma asibiti na ba likita labari, sai da ya cire tabarau don dariya. Ya ce matsin da yake nufi a cikin ƙwayar yake, babu ruwansa da bakin taubashi.

Baba bai warke ba. Amma ya ci abinci, ya yi faɗa, ya yi dariya har Allah ya karɓi abinsa. Sunana ya ɓace masa da wuri, na taubashinsa bai ɓace ba. Abin da na koya shi ne, idan cuta ta zo tana kwashe wa mutum duniyarsa, kada ka kama mata ɗaukar kaya.