Ƙanen Mijina, Manaja

Yana ɗan firamare anka kawo muna shi daga Argungu, da ƙazwa har tsakanin yatsu. Ƙanen maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na yi jinyar ƙazwar, ni na ciyar da shi har ya gama makarantar koyon aikin inji a nan Birnin Kebbi. Wasan matar wa da ƙanen miji kuwa mun sha shi. Ya shigo ya ce, "Matata, ina tuwona?" In ce, "Mijin da ba ya cefane, tuwonai na bakin murhu, ƙanzo ne."

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Maigida na ɗinkin buhu a wani kamfanin casar shinkafa, shi ya yi ta rusunawa har anka ɗauki yaron aiki a can. Da sifana ya fara, yana dawowa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Anka tura shi kwas Kaduna, ya dawo shugaban masu gyara. Ni ba fita nake ba, amma a wanki nake gane ƙarin girma: baƙin mai ya bar riga, turare ya shigo. Da ya zama manajan injiniyoyi, wankin ma ya ƙaura, ya koma sabon gidansa da ke da maigadi.

Sai kayan gyara sunka yi wuya, inji ɗaya ya tsaya, anka ce za a rage ma'aikata, kuma da bakin manajan namu za a zaɓa. Maigida ya daina cin abinci. Na ce ya je ya same shi. Ya ce wa ba ya roƙon ƙane. To ni ina da hanyar da shi ba ya da ita. Na yafa mayafi, na bar unguwarmu Nasarawa, na tafi gidan.

Ya fito da jallabiya yana sakace. "A'a, matata! Yau kin tuna da mijin kirki?"

Na ce, "Zancen yayanka ya kawo ni."

"Tsohon nan? Ai na gaya miki ki rabu da shi ki dawo nan, akwai fanka."

"Ba wasa nikai ba. Za ku kore shi?"

"Wa ya isa ya kori abokin kishina? Ki dai zauna a kawo lemu."

Duk ta inda na ɓullo sai ya tare da raha. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, yana dariya yana duban agogo. Namiji da gemu, mai ba ƙarfe umarni, ya ɓuya bayan wasan yara don kada ya dubi idona. Da ya ce mini ba yadda zai yi, wallahi da na yi masa uzuri.

Anka sallami maigida. Ya koma Argungu noman fadama da ƙafarsa mai ciwo da ba ta son ruwa, yana zuwa yana dawowa.

Da sallah sai ga manaja a mota. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban yayansa, sannan ya leƙo madafa. "Matata, ina namana?"

Na ajiye ludayi, na gyara ɗankwali, na durƙusa har ƙasa kamar yadda ake yi wa baƙon hakimi. Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da sallah. Ya iyali?"

Ya tsaya da baki buɗe yana jiran sauran wasan. Haka nake gaishe shi har yau.